Bel ɗin kujerar mota

Bel ɗin kujerar mota, wanda aka fi kira bel kawai, wasu kuma su ce ɗamarar kujera, wani saƙaƙƙen maɗauri ne mai ƙarfi da ake haɗa shi da jikin mota domin ya riƙe direba ko fasinja a kan kujerarsa idan aka yi karo, ko aka taka birki ba zato, ko mota ta yi adungure. Aikinsa shi ne hana mutum bugun sitiyari da gilashi da sauran fasinjoji, da hana shi faɗawa waje, da kuma rarraba ƙarfin karon a kan ƙasusuwan da suka fi juriya, wato ƙugu da ƙirji da kafaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwar mazauna kujerar gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Sai dai wannan kariya ba ta samuwa yadda ya kamata sai an ɗaura shi daidai, an kuma daidaita kujerar da majinginin kai, domin an ƙera su ne su yi aiki tare.

Abin da ke faruwa a lokacin karo

Duk abin da ke cikin mota yana tafiya ne da irin gudun da motar take yi. Idan motar ta bugi wani abu ta tsaya, jikin mutum ba ya tsayawa tare da ita, yakan ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi. Masana harkar sun kasa hatsari guda zuwa karo uku: na farko tsakanin mota da abin da ta buga, na biyu tsakanin mutum da cikin motar, na uku kuma tsakanin kayan cikin mutum, kamar ƙwaƙwalwa da hanta da saifa, da ƙasusuwan da ke kewaye da su. Duk wannan yana aukuwa ne cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, lokacin da bai isa mutum ya yi wani yunƙuri ba.

Mutumin da ya bugi abu tsayayye yana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Idan gudun ya ninka ya koma kilomita 100, ƙarfin yakan ninka sau huɗu ne, ya zama kamar faɗowa daga tsayin kusan mita 40. Ko da gaban motar ya lotse ya shanye wani ɓangare na bugun, lissafi ya nuna cewa tsayar da jiki daga gudun kilomita 50 cikin tazarar rabin mita yana buƙatar ƙarfin da ya kai nauyin jikin sau 20. Ke nan mai nauyin kilo 70 zai buƙaci ƙarfin da ya kai na ɗaukar kilo 1,400 kafin ya riƙe kansa. Wannan ne dalilin da ya sa dafa dashbod ko riƙe sitiyari da ƙarfi ba ya maye gurbin bel.

Bel yana sa jiki ya rage gudu tare da motar, a hankali gwargwadon yadda gabanta yake lotsewa, maimakon ya tsaya gaba ɗaya a jikin ƙarfe ko gilashi.

Tarihi

A shekarar 1885 aka ba wani Ba'amurke mai suna Edward J. Claghorn takardar mallakar ƙirƙira ta wata ɗamarar kariya, amma an yi ta ne domin masu aiki a wurare masu tsayi. Matuƙan jirgin sama da masu tseren mota sun riga sauran jama'a amfani da bel. Kamfanin Nash na Amurka ya fara sayar da motoci da bel ga mai buƙata a 1949, Ford kuma ya biyo baya a 1955, sai dai masu saye ba su karɓe shi sosai ba. A wannan zamanin ne wani likitan sojan saman Amurka, Kanar John Paul Stapp, ya riƙa gwaji da jikinsa a kan wani keke mai roka da ke tafiya bisa layin dogo. A Disambar 1954 ya kai gudun fiye da kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, ya kuma rayu. Gwajin ya nuna cewa jikin ɗan Adam yana iya jure tsayawar gaggawa mai tsanani matuƙar an ɗaure shi da kyau.

Irin bel ɗin da ke cikin yawancin motoci a yau, mai maƙale a wuri uku, ƙirar wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin (1920–2002). Kafin ya koma kamfanin Volvo, ya yi aiki a Saab a sashen ƙera kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje a lokacin gaggawa. Volvo ya fara saka ƙirar tasa a motocinsa a 1959, ya kuma bar wa sauran kamfanoni damar amfani da ita ba tare da biyan kuɗi ba. A 1967 Bohlin ya gabatar da nazarin hatsarori kimanin 28,000 da suka faru a Suwidin. Nazarin ya gano cewa waɗanda ba su ɗaura bel ba sun mutu a kowane irin gudu, amma ba a samu wanda ya ɗaura ya mutu ba a hatsarin da gudunsa bai kai kimanin kilomita 97 a awa ba.

A 1981 Mercedes-Benz ya fito da na'urar da ke ɗame bel da kanta a lokacin karo, tare da jakar iska ta direba.

Ire-irensa da sassansa

Akwai bel mai maƙale a wuri biyu, wanda ke ratsa cinya kawai. Shi ne ake gani a jirgin sama, da tsakiyar kujerar baya ta tsofaffin motoci, da wasu bas-bas. Yana hana faɗawa waje, amma ba ya riƙe ƙirji da kai, kuma idan ya hau kan ciki yana iya raunata hanji da ƙashin baya. Mai maƙale a wuri uku ya haɗa na cinya da na kafaɗa a zare guda. Mai maƙale a wuri biyar, wanda ke bi ta kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin ƙafafu, ana samun sa a kujerun yara da motocin tsere.

Ana saƙa bel ɗin zamani da zaren roba mai ƙarfi, faɗinsa bai cika santimita 5 ba. A gefe ɗaya yana da harshe na ƙarfe da ake sakawa cikin makulli, ɗaya gefen kuma yana naɗe a kan wani ƙarfe mai sifirin a cikin jikin motar. Wannan manaɗi yana sakin bel idan an ja shi a hankali, amma yakan kulle idan an fizge shi, ko motar ta rage gudu ba zato, ko ta karkace. Sabbin motoci suna da ƙarin na'urori biyu. Ta farko tana amfani da ɗan ƙaramin abin fashewa ta janye sako-sakon bel a farkon karo. Ta biyu kuma tana ɗan sassauta shi idan matsin da ke kan ƙirji ya kai wani mizani, domin kada haƙarƙari ya karye.

Daidaita kujera

Kafin a tayar da mota ake daidaita kujera, ba a kan tafiya ba, domin tana iya zamewa direba ya rasa birki. Ana matsar da ita yadda direba zai iya taka birki da kuloci har ƙasa, gwiwarsa a ɗan lanƙwashe. Idan ƙafa ta miƙe sambal, ƙarfin karo yakan bi ta cikinta ya isa kwatangwalo. Bayansa ya jingina sosai da kujera, hannayensa kuma su kama sitiyari gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar manyan hanyoyi ta Amurka ta ba da shawarar a bar tazarar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari saboda jakar iska.

Majinginin baya ya kasance kusan a miƙe. Fasinjan da ya kwantar da kujera domin ya yi barci yana cikin haɗari ko da ya ɗaura bel, domin na kafaɗa ba ya taɓa jikinsa, kuma ƙugunsa yana iya sulalewa ta ƙarƙashin na cinya, bel ɗin ya koma kan ciki ko wuya. Haka nan ɗora ƙafafu a kan dashbod yana jawo karaya mai muni idan jakar iska ta tashi.

Majinginin kai, wanda mutane da yawa suke ɗauka matashin hutawa ne, an yi shi ne domin karon da ke zuwa ta baya. A irin wannan karo kujera takan ingiza jiki gaba, kai kuma ya fizgu baya, abin da ke raunata wuya. Ana ɗaga shi har samansa ya yi daidai da saman kai, a kuma matso da shi kusa da ƙeya. Cire shi, kamar yadda wasu suke yi domin na baya su riƙa ganin gaba, yana kawar da wannan kariya. Bayan an gama da kujera ne ake daidaita madubai.

Yadda ake ɗaura shi

Na cinya yana kwanciya ne ƙasa sosai, a kan ƙashin ƙugu, yana taɓa saman cinyoyi, ba a kan tumbi ba. Na kafaɗa yana bi ta tsakiyar kafaɗa, tsakanin wuya da ƙarshen kafaɗa, ya ratsa tsakiyar ƙirji. Motoci da yawa suna da madaidaici a jikin ginshiƙin ƙofa da ake ɗagawa ko saukewa idan bel yana gogar wuya. Bayan an ji ƙarar shigar makulli, sai a ja ɓangaren kafaɗa sama domin a cire sako-sako, a kuma tabbatar bai murɗe ba, saboda murɗaɗɗen bel yana tara ƙarfi a siririn wuri.

Daga cikin kura-kuran da aka fi yi akwai:

– Saka na kafaɗa ta ƙarƙashin hammata. Wannan yana ɗora ƙarfin a kan haƙarƙari da hanta ko saifa.
– Mayar da shi bayan baya, wanda ke barin ƙirji da kai ba kariya.
– Kulle bel a bayan kujera, ko saka wani ƙarfe a makulli, domin a kashe ƙarar gargaɗi.
– Mutum biyu su yi tarayya a bel ɗaya, ko babba ya ɗaura shi a kan kansa da yaron da ke cinyarsa.
– Barin waya, biro, makulli ko tabarau a aljihun ƙirji a ƙarƙashin bel.

Kaya masu kauri ko yalwa, kamar rigar sanyi ko babbar riga, suna iya shiga tsakanin bel da jiki. Ana gyara su yadda na cinya zai kwanta a kan ƙugu kai tsaye, a kuma tattare hannun riga ko gefen hijabi kada ya shiga makulli ko ya sarƙe giya.

Kujerar baya da kaya

Mutane da yawa suna ganin zaman baya ba ya buƙatar bel. Amma fasinjan baya da bai ɗaura ba yakan cillu gaba da nauyin da ya ninka nasa sau da dama, ya danne na gaba tsakanin kujera da bel ɗinsa, har ya iya kashe shi ko da shi na gaban ya ɗaura. Ƙa'idar ita ce yawan mutane kada ya wuce yawan bel ɗin da ke cikin motar. Kaya masu nauyi, irin su buhu, jarka, tukunyar gas da akwati, a but ake saka su, ko a ɗaure su, domin su ma suna cilluwa.

Yara

An ƙera bel ne da ma'aunin jikin babba. A jikin ƙaramin yaro, na cinya yakan hau ciki, na kafaɗa kuma ya ratsa wuya ko fuska. Kan jariri yana da girma idan aka kwatanta da jikinsa, ƙasusuwan wuyansa kuma ba su yi ƙwari ba. Bisa lissafin da ya gabata, yaro mai kilo 10 a karon gudun kilomita 50 yana iya fizgewa da ƙarfin da ya kai kilo 200, abin da hannun uwa ba zai iya riƙewa ba. Goyo a cikin mota ma yana jefa yaro tsakanin bayan uwarsa da kujera.

Saboda haka ake amfani da kujerun yara mataki-mataki. Jarirai da ƙananan yara suna zama a kujerar da ke fuskantar baya, wadda ke tallafe kai da wuya da baya gaba ɗaya. Wani likita ɗan Suwidin, Bertil Aldman, shi ne ya fito da wannan tsari a farkon shekarun 1960, bayan ya lura da yadda 'yan sama-jannati suke kwanciya a bayansu lokacin tashin roka. Idan yaro ya wuce nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikin kujerar, sai ya koma mai fuskantar gaba mai maɗauri biyar, daga nan zuwa kujerar ƙarin tsayi da ke ɗaga shi har bel ɗin manya ya zauna masa daidai. A Birtaniya doka ta tilasta amfani da kujerar yara har yaro ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, duk wanda ya fara zuwa. Motoci da yawa suna da ƙarafan maƙala kujerar yara da ake kira ISOFIX a tsakanin mazauni da majinginin kujerar baya.

Ba a saka kujera mai fuskantar baya a gaba inda jakar iska take kunne, domin tashinta zai bugi kujerar daidai inda kan jaririn yake. Ba a kuma barin yaro shi kaɗai a rufaffiyar mota, saboda zafin cikinta yana hauhawa cikin mintuna kaɗan.

Mata masu juna biyu

Likitoci suna shawartar mai ciki ta ɗaura bel har ƙarshen cikinta, domin kare uwa shi ne kare abin da ke cikinta. Na cinya yana bi ta ƙasan ciki, a kan ƙashin ƙugu, na kafaɗa kuma ta tsakanin nonuwa, ya sauka ta gefen ciki. Idan ita ke tuƙi, takan matsar da kujera baya gwargwadon yadda ƙafarta za ta kai birki. Bayan kowane hatsari, ko ƙarami ne, ana so ta je asibiti a duba ta ko da ba ta jin ciwo.

Bel da jakar iska

Jakar iska ƙari ce a kan bel, shi ya sa ake rubuta haruffan SRS a kan sitiyari, waɗanda ke nufin kariya ta ƙari. Tana buɗewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido da ƙarfi mai yawa, sannan ta sace nan take. Wanda bai ɗaura bel ba yakan riga ya matso kusa da ita kafin ta gama buɗewa, sai ta buge shi a fuska ko ƙirji. Jakar gaba ba ta da amfani sosai a karon gefe ko adungure, kuma sau ɗaya take tashi, alhali bel yana riƙe mutum daga farkon hatsari har motar ta tsaya.

Dokoki

Daga 1968 gwamnatin Amurka ta wajabta wa kamfanoni saka bel a sabbin ƙananan motoci. Jihar Victoria ta Ostireliya ta kafa dokar tilasta ɗaura shi a 1970, tana cikin wuraren farko da suka yi haka a duniya. Birtaniya ta tilasta wa mazauna gaba a 1983, manyan da ke baya kuma a 1991. Jihar New York ce ta fara a Amurka a 1984. Hukumomin ƙasar sun ƙiyasta cewa bel ya ceci rayuka kusan 15,000 a shekarar 2017 kaɗai.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, cewa shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

A Najeriya

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 Farfesa Wole Soyinka yana shugabanta na farko, ta fara tilasta ɗaura bel daga ranar 1 ga Janairu, 2003. Rashin ɗaura shi laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma hukumar tana hana zaunar da yara 'yan ƙasa da shekara 12 a kujerar gaba. Iyakar gudun ƙananan motoci na gida ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi. Lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122.

Babban cikas ga dokar yana cikin motocin haya. A tashoshi da dama ana zaunar da fasinja biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ta yadda bel ba zai ishi kowa ba. A wasu bas-bas an cire kujerun asali an sa benci da aka yi wa walda, marasa bel da majinginin kai. Akwai kuma direbobin da ke rataya bel a kafaɗa idan sun hango jami'ai, su sake shi da zarar sun wuce. Bugu da ƙari, yawancin motocin da ke yawo na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, wasunsu sun taɓa yin hatsari, an gyara jikin amma ba a sauya bel da jakar iskar da suka riga suka yi aiki ba.

Ra'ayoyin da suka yaɗu

Wasu suna cewa gara mota ta jefar da mutum waje da ya maƙale a ciki. Alƙaluman hatsari sun nuna akasin haka: wanda aka cillo waje ya fi shiga haɗarin mutuwa nesa ba kusa ba, domin yana bugun kwalta ko bishiya, ko motar ta danne shi. Masu tsoron gobara ko faɗawa ruwa kuma, irin waɗannan hatsarori ba su da yawa, kuma wanda bel ya hana shi suma shi ne ke da damar buɗe makulli ya fita. Wasu suna ganin ba a buƙatarsa a gajeriyar tafiya cikin gari, alhali gudun kilomita 50 ma ya isa kisa. Ƙwarewar direba kuwa ba ta hana taya fashewa, ko dabba ta ratso titi, ko wani ya yi masa taho-mu-gama.

Bel yana iya barin shaida a ƙirji ko ƙugu, wani lokaci har da karayar haƙarƙari. Likitoci suna ɗaukar shaidar bel a kan ciki a matsayin alamar da ke buƙatar bincike, domin tana iya nuna rauni a hanji.

Kulawa da shi

Ana duba bel lokaci-lokaci a ga ko ya fara tsinkewa, ya yage, ko rana ta cinye shi. Ana gwada makullinsa, a kuma fizge shi da sauri a ga ko manaɗin zai kulle. Ana wanke shi da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a bar shi ya bushe kafin ya naɗe. Bilic da fetur suna raunana zaren. Bel ɗin da ya yage ba a ɗinke shi ko ƙulla shi, sauya shi ake yi. Haka nan wanda ya riƙe mutum a babban hatsari, domin zarensa ya riga ya miƙe, na'urar ɗame shi kuma ba ta aiki sau biyu. Mai sayen motar hannu zai iya lura da fitilar jakar iska a dashbod: a motar da tsarinta ke lafiya, takan kama idan an murɗa makulli, sannan ta mutu bayan daƙiƙu kaɗan. Idan ta ƙi kamawa sam, ko ta ƙi mutuwa, motar tana buƙatar a kai ta wurin mai gyara ya duba.